Daga Boɗinga Zuwa Shagari Ta Hanyar Turai: Yadda Na'urorin Wasa Na Hannu Ke Zantawa Da Juna

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 zai tuna wata 'yar na'ura ta roba mai ɗan allo baƙi da fari, wadda yara kan duƙufa a kanta suna jera bulo har sai batir ya mutu. Na'urar nan kurma ce, kuma bebiya: ba ta jin 'yar'uwarta, ba ta kuma ce mata komai. Idan yara biyu suna son a san gwani a cikinsu, sai wannan ya buga ya miƙa wa wancan, daga baya a gwada maki. Yau kuwa ɗalibi na iya zama a zauren gidansu a Boɗinga ya yi tseren mota da abokinsa da ke Shagari, kowa da tasa na'urar a hannu, babu wata waya da ta haɗa su.

Galibin matasanmu wayar salula ce na'urar wasansu, domin na'urorin da aka ƙera musamman don wasa, irin su Nintendo Switch da Steam Deck, tsadarsu ta sa sai jefi-jefi ake ganinsu. To amma ilimin da ke ƙarƙashinsu duk ɗaya ne, kuma a tarihin waɗancan na'urori ne aka fi ganin yadda ya bunƙasa daki-daki. Wannan darasi zai bi tarihin ne domin ya amsa wata tambaya da ɗalibai suka sha yi: me ya sa wasa kan tafi sumul idan abokin karawarka yana ɗaki ɗaya da kai, amma ya riƙa sarƙewa idan yana gari na gaba, alhali kuwa alamar sabis a cike take? Amsar tana cikin darasin da kowane ɗalibin kimiyya ya riga ya sani, wato dangantakar gudu da nisa da lokaci.

Mene Ne Ake Aikawa?

Mu fara da dara. A ce gwanaye biyu suna son su kara, ɗaya a Boɗinga ɗaya a Shagari, kuma babu mai niyyar barin garinsa. Abin yi shi ne kowa ya haƙa gurabe 30 a ƙofar gidansa, ya tanadi 'ya'yansa 12 da na abokin karawarsa 12, sannan a samu ɗan aike mai babur. In na Boɗinga ya yi motsi, ba sai ya aika da zanen darar gaba ɗaya ba. Ya isa ya ce, ɗan da ke jere na biyu gurbi na uku ya matsa gaba. Da saƙon ya isa, na Shagari sai ya matsar da wannan ɗa a tasa darar. Muddin sun fara da jeri iri ɗaya, suna bin ƙa'ida ɗaya, kuma babu saƙon da ya ɓace a hanya, dararsu biyu za su kasance tamkar dara guda.

Haka na'urorin wasa ke yi. A yawancin wasanni hoton da ke kan allo ba ya tafiya ko'ina. Kowace na'ura tana da cikakken wasan a cikinta, ita ke zana wa mai ita hoto. Abin da ke kai da komowa 'yan lambobi ne kawai: wane maɓalli aka danna, ina motar wane take, ina ta dosa.

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar Game Boy, wadda ƙungiyar injiniya Gunpei Yokoi ta ƙera. A gefenta akwai wata 'yar kafa da ake soka waya a haɗa na'urori biyu. Wayar tana ɗaukar ƙwayoyin saƙo 8,192 a cikin sakan ɗaya. Ƙwayar saƙo, wadda masana ke kira bit, ita ce mafi ƙanƙantar labari, wato i ko a'a, 1 ko 0, kuma takwas daga cikinsu ke yin harafi guda. Ke nan wayar na kai haruffa 1,024 a sakan. Da za a tura hoto guda na wayar zamani, mai nauyin haruffa miliyan biyu, ta wannan hanya, sai an shafe fiye da rabin awa ana jira. Amma ga wasan Tetris, wato jera bulon nan, wannan gudu ya isa har ya yi yawa, domin abin da ake faɗa wa abokin karawa bai wuce yawan layukan da aka share ba, da kuma inda tsibin bulo ya kai.

Wannan 'yar waya ce ta haifi Pokémon. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya tashi yana tara ƙwari tun yana yaro, kuma da ya ga wayar sai ya raya a ransa ƙwari suna bi ta kanta daga wannan na'ura zuwa waccan. Da wasan ya fito a 1996 an yi shi kashi biyu, kowane kashi da wasu halittun da babu su a ɗayan, ta yadda ba mai iya tara su duka sai ya nemi aboki sun yi musaya. Dabara ce ta kasuwanci, babu shakka, amma ta nuna cewa haɗa na'urori na iya zama shi ne zuciyar wasa.

Yadda Aka Rabu Da Waya

Waya tana da takura. Dole 'yan wasa su zauna gwiwa da gwiwa, kuma da wani ya fizge ta wasa ya ƙare. Yunƙurin farko na rabuwa da ita ya dogara ne da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. Na'urar Game Boy Color ta 1998 tana da tagar wannan haske a samanta, haka ma wayar Nokia 6110, wadda mutum biyu kan iya buga wasan macijin nan, Snake, ta wannan hanya. Aibinsa shi ne sai na'urorin sun fuskanci juna kusa da kusa. Ko hannu aka gitta a tsakani, zance ya yanke.

Mafita tana wajen igiyoyin rediyo. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa lantarki da maganaɗisu na iya tafiya a sarari a matsayin igiya mai kaɗawa, da gudun haske. Tsakanin 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya tabbatar da haka a ɗakin gwaji a Jamus, shi ya sa ake auna yawan kaɗawar igiya da sunansa. Gudun nan kuwa kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya.

Bahaushe ya daɗe da sanin ma'aunin waɗannan igiyoyi ko da bai shiga ajin kimiyya ba. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, masu saurare suka saba da jin ana cewa a kama tasha a kan mita kaza da mita kaza a gajeren zango. Wannan mita ba wani abu ba ne illa tsawon zangon igiyar, wato nisan da ke tsakanin tudun kaɗawa ɗaya da na gaba. Ƙa'idar ita ce: a raba gudun haske da yawan kaɗawa, sai a sami tsawon zango. Tashar FM mai kaɗawa sau miliyan 100 a sakan, zangonta mita 3 ne. Na'urorin wasa kuwa sun fi amfani da igiya mai kaɗawa sau biliyan 2.4 a sakan. Ɗalibi ya raba mita 300,000,000 da 2,400,000,000, zai sami mita 0.125, wato santimita 12.5, abin da bai kai tsawon biro ba. Gajartar zangon nan ita ta sa eriyar ta zama 'yar mitsitsiya har ta ɓuya a cikin na'urar, ba kamar doguwar sandar rediyon kakanninmu ba.

Me ya sa aka zaɓi wannan igiya? Dalilin na doka ne fiye da na kimiyya. Sararin igiyoyin rediyo kamar filin kasuwa yake, hukuma ke raba rumfuna, kuma galibi sai da lasisi. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu 'yan wurare, ciki har da na biliyan 2.4, ta ce kowa na iya amfani da su ba lasisi muddin bai ɗaga murya da yawa ba. A kan wannan fili aka gina ƙa'idar da ake kira 802.11 a 1997, aka inganta ta a 1999, ita ce duniya ta sani da Wi-Fi. A nan kuma Bluetooth yake, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinsa a 1994, aka raɗa masa laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Wayar Nokia N-Gage ta 2003 da shi take haɗa 'yan wasa. Shekarar 2004 kuwa ita ce shekarar sauyi: a cikinta aka fito da abin maƙalawa na rediyo ga Game Boy Advance, sannan Nintendo DS da PSP na kamfanin Sony suka fito da Wi-Fi a jikinsu. A DS mutum takwas kan yi tseren Mario Kart a wuri ɗaya, har ma wanda ba shi da kaset ɗin wasan yana iya karɓar wani ɓangarensa ta iska daga na'urar abokinsa.

Ladabin Majalisa

Akwai wata matsala da waya ba ta da ita. A waya hanya taku ce ku biyu. A iska kuwa kowa na jin kowa, kuma in na'urori biyu suka yi magana lokaci guda a kan igiya ɗaya, saƙonnin sai su cakuɗe, ba a fahimci ko ɗaya ba. Masu bincike a Jami'ar Hawai, ƙarƙashin Norman Abramson, sun ci karo da wannan a 1971 lokacin da suke haɗa kwamfutocin tsibiransu ta rediyo, kuma dabarar da suka fara ita aka yi ta gyarawa har ta zama ta Wi-Fi.

Dabarar ba ta wuce ladabin majalisar dattawa ba. Ana yanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti. Kafin na'ura ta yi magana sai ta kasa kunne. In wata na magana, ta yi shiru. In an yi tsit, ba ta faɗa nan take ba, sai ta ɗan jira wani lokaci da ta zaɓa da ka, domin kada ita da wata mai jira su fara tare. In ta faɗi nata, sai ta saurari amsar cewa an ji. Ba ta ji amsa ba, ta san an yi karo, sai ta ƙara tsawon jira ta maimaita. Duk wannan yana faruwa ne a cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma sakamakonsa a fili yake: gwargwadon yawan na'urori a wuri, gwargwadon jiran kowa. Wannan ne ya sa wasa kan yi nauyi a ɗakin da mutum ashirin suka kunna Wi-Fi. Bluetooth shi wata hanya ya bi. Ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi tsakanin ƙananan tashoshi 79, sau 1,600 a sakan, shi da abokin zancensa sun san jerin tsallen, in an yi karo a wannan tasha sai a dace a ta gaba.

Hanyoyi Biyu

Na'urorin hannu suna haɗuwa ta hanya biyu, kuma rashin bambance su shi ke rikita mutane. Ta farko ita ce kai tsaye: wannan na'ura ta yi magana da waccan, babu turken sadarwa, babu intanet, babu data. Duk wanda ya taɓa karɓar waƙa ko fim ta Xender ya yi amfani da irin wannan hanya, domin waya ɗaya ce ke mai da kanta 'yar tashar Wi-Fi, ɗayar ta shiga. Ta biyu ita ce ta intanet, inda na'ura ke miƙa saƙonta ga tasha mafi kusa, tashar ta miƙa gaba.

Hanya ta farko ba ta da nisa. A DS ba ta cika wuce mita 10 zuwa 20 ba. Ƙarfin da irin waɗannan na'urori ke fitarwa bai kai na ƙaramin ƙwan tocila ba, kuma yana bazuwa ta ko'ina, ta yadda in nisa ya ninka biyu ƙarfin da ke isowa sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka goma ya koma ɗaya cikin ɗari. Katangar laka mai kauri tana shanye wani kaso, kwanon rufi yana mai da igiyar baya, ruwa ma yana shanye ta, kuma kada a manta jikin mutum galibinsa ruwa ne. Ƙurar hunturu kuwa, duk da yadda take rufe gari, ba ta cika damun wannan igiya ba, saboda ƙwayar ƙura ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan santimita 12.5.

Ko da an ƙara ƙarfi, akwai wani shinge. Duniya a dunƙule take, kuma mutumin da ke tsaye a fili ba ya hango abin da ya wuce kimanin kilomita 5 kafin doron ƙasa ya kare shi. Igiyar gajeren zango tana tsallake wannan shinge ne domin wani rufi na sararin sama yana dawo da ita ƙasa, shi ya sa ake jin Landan a Sifawa. Igiyar Wi-Fi kuwa huda rufin take yi ta wuce. Saboda haka tsakanin Boɗinga da Shagari babu makawa sai an bi hanya ta biyu.

Lissafin Tafiya

A nan ne gundarin darasin yake, don haka ɗalibi ya ɗauko takarda. Ma'aunin da za mu yi aiki da shi shi ne milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Mu ɗauki nisan garuruwan biyu a matsayin kilomita 30 domin sauƙin lissafi. Da igiya za ta tafi kai tsaye, za ta isa cikin kashi ɗaya bisa goma na milisakan. Amma saƙon ba haka yake tafiya ba. Daga wayar ɗalibin Boɗinga zai hau turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi layin kamfanin zuwa cibiyarsa. Wasanni da yawa kuma suna da alƙali, wato wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wasu kuma suka fassara ta da uwar garke. Ita ke karɓar motsin kowa, ta yanke hukuncin wanda ya riga wani, ta sanar da kowa. Idan kamfanin wasan bai ajiye irin wannan kwamfuta a kusa da mu ba, to tana iya kasancewa a Turai.

Tafiya mai nisa a cikin zaren gilashi ake yin ta, inda saƙo ke zama walƙiyar haske. A cikin gilashi haske yana rage gudu zuwa kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Sakkwato zuwa Legas, in aka bi hanya, a ƙaddara kilomita 1,000: milisakan 5. Daga Legas sai a shiga teku. Wayar Main One, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne zuwa ƙasar Fotugal: milisakan 35. Daga can zuwa tsakiyar Turai a ƙara kamar kilomita 2,000: milisakan 10. Jimla 50. Sannan dole hukuncin alƙali ya dawo ta wannan hanya kafin ya isa Shagari: wani 50. Ke nan milisakan 100, kafin a lissafa jiran layi a turke da tsaye-tsayen da fakiti ke yi a kowace mararraba, waɗanda kan ƙara wasu gomomi a kai. Saƙon da ke tsakanin maƙwabta biyu ya yi tafiyar kilomita 20,000, rabin kewayen duniya.

Milisakan 100 kamar ba komai ba ne. To amma wasan da ke sauya hoto sau 60 a sakan, kowane hoto milisakan 16.7 yake ɗauka. Ke nan abin da na Shagari ke gani ya tsufa da hotuna shida. Wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa ya san irin wannan: taɓarya ta riga ta sauka, har ta fara tashi, sannan ƙarar ta iso kunne, domin sauti mita 340 kacal yake yi a sakan. A dara wannan jinkiri ba ya ɓata komai, ko ɗan aike ya tsaya shan fura a Yabo wasa na nan yadda yake. A dambe kuwa, wanda ke ganin hannun abokin karawarsa bayan ya riga ya sauka, ƙasa zai sha.

Daga nan za a gane kuskuren da ake yawan yi. Alamar sabis tana nuna ƙarfin igiya ne tsakanin waya da turke kawai, wato taku na farko a tafiyar. Yawan data da layi ke iya ɗauka a sakan kuma faɗin hanya ne, ba gajartarta ba. Tirela ta fi babur ɗaukar kaya, amma ba ta rage nisan Legas da taku ɗaya. Wasa kuwa, kamar yadda muka gani, kayansa kaɗan ne. Abin da ke cinye data shi ne sauko da wasan da sabunta shi. Abin da yake bukata lokacin karawa shi ne saƙo ya je da wuri, kuma a kan kari. Jinkirin da ke hawa da sauka ya fi tsayayyen jinkiri ɓata wasa, kamar yadda makaɗin da ke sauya kari ba zato ya fi rikita mai rawa.

Tauraron ɗan'adam ma lissafin bai ƙyale shi ba. Irin wanda ke tsaye a wuri ɗaya, kamar na tashoshin talabijin, yana kilomita 35,786 a sama. Hawa da sauka kawai milisakan 240 ne, zuwa da dawowa kusan rabin sakan. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, suna shawagi ne a kimanin kilomita 550, shi ya sa jinkirinsu ya yi ƙasa ƙwarai.

Tun da ba mai iya sa haske ya ƙara gudu, masu tsara wasanni sai suka koma ga dabara. Na'urarka ba ta jiran hukuncin alƙali kafin ta motsa motarka, nan take take motsa ta. Motar abokinka kuma sai ta yi kirdado: tun da ya doshi gabas da gudu kaza, yanzu ya kai wuri kaza. Wasan QuakeWorld na 1996 yana cikin waɗanda suka fara yaɗa irin wannan dabara. In saƙon gaskiya ya iso ya dace da kirdadon, ba wanda zai lura. In ya saɓa, dole na'ura ta gyara, a nan ne za ka ga motar abokinka ta yi tsalle daga wannan gefen titi zuwa wancan. Sau da yawa abin da yara ke kira maguɗi wannan gyara ne kawai.

Ranar Da Aka Rufe Hanya

Akwai wani bambanci tsakanin hanyoyin biyu wanda ya wuce na gudu. Hanyar intanet a hannun wasu take. A watan Nuwamba na 2005 Nintendo ya buɗe hidimar da ke haɗa masu DS a faɗin duniya kyauta. A Mario Kart DS aikin uwar garken kamar na dillali ne: ta haɗa mutum huɗu, sannan na'urorinsu su ci gaba da zance a tsakaninsu. Ranar 20 ga Mayu, 2014, kamfanin ya rufe hidimar. Ba dillali, ba ciniki. Haka aka yi wa na'urar 3DS a watan Afrilu na 2024. Amma har gobe, in aka kawo DS biyu ɗaki ɗaya, za su ga juna su yi tsere kamar yadda suke yi a 2005.

Mu ma nan mun ga irin wannan, a kan abin da ya fi wasa muhimmanci nesa ba kusa ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, sannan aka katse a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. A wuraren da abin ya shafa ba kira, ba saƙo, ba tura kuɗi. Duk da haka waya biyu da ke kusa da juna suna iya musayar hoto ko karatu, domin wannan bai taɓa bi ta turke ba. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, wayoyin teku huɗu, wato WACS da Main One da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya, bankuna ma suka ji a jikinsu. A ranar alamar sabis a cike take a wayoyi da yawa. Turke lafiyarsa lau, hanyar ce ta yanke a ƙarƙashin teku, can nesa da mai riƙe da wayar.

Malamai su lura da amfanin da ke cikin wannan. Makarantar da ba ta da kuɗin data tana iya raba littafi ko tambayoyin jarrabawar baya ga aji guda ta hanyar kai tsaye, in dai waya ɗaya ta riga ta sauko da su. Iyaye kuma su san cewa wasan ɗaki ɗaya da wanda ka sani kake yin sa, na intanet kuwa ƙofa ce da baƙo ke iya shigowa ta cikinta, don haka kada yaro ya ba wanda bai sani ba sunan makarantarsa ko lambar wayarsa.

Gwaji A Makaranta

Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya shiga siyasa har ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, a zamanin da kayan gwaji sai wanda malami ya haɗa da hannunsa. Gwaje-gwajen da ke tafe ba su bukatar fiye da abin da ke aljihun malamai.

A samu rimot ɗin talabijin, a auna shi ga kyamarar waya, a danna maɓalli. A wayoyi da yawa za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allo, wanda ido bai gani ba. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba.

Sannan a ɗauki waya biyu, a kashe data a dukkansu, ɗaya ta buɗe tashar Wi-Fi, ɗayar ta shiga. A fita filin ƙwallo. Ɗalibi ɗaya ya tsaya da ta farko, wani ya riƙa ja da baya da ta biyu yana ƙirga taku, ana rubuta inda kowace sanda ta alamar Wi-Fi ta faɗi, har zuwa inda zance ya yanke. A maimaita da katangar laka a tsakani, sannan ta bulo, sannan a sa ɗalibai goma su yi sahu a tsakanin wayoyin. Daga ƙarshe a saka waya ɗaya cikin tukunyar ƙarfe a rufe ta ruf. Kafin kowane gwaji, malami ya sa ɗalibai su rubuta abin da suke zaton zai faru da dalilinsu, a kwatanta da abin da aka samu.

Na jinkiri kuwa ba ya bukatar waya ko ɗaya. A zana dara biyu, ɗaya a cikin aji ɗaya a bayansa, a naɗa ɗan aike. Bayan an yi wasa ya tafi daidai, malami ya umarci ɗan aiken a asirce ya yar da saƙo ɗaya, a ga motsi nawa za a yi kafin 'yan wasan su gane dararsu ta saɓa. Sai a tambayi ajin: wace ƙa'ida za a kafa domin a riƙa gano saƙon da ya ɓace? In wani ya ce a riƙa sa wa kowane saƙo lamba a jere, mai karɓa kuma ya riƙa amsa cewa ya samu, a gaya masa abin da injiniyoyin intanet suka yi ke nan.

Aikin gida: da za a ɗauke uwar garken wasan daga Turai a kawo ta Legas, milisakan nawa saƙo zai yi daga Boɗinga zuwa Shagari, kuma hotuna nawa ke nan a wasan da ke sauya hoto sau 60 a sakan? A sake lissafin idan an kawo ta Kano, a ɗauki nisan Sakkwato da Kano a matsayin kilomita 550.